Layin da Ba a Cika Kofi

A kan ruwa aka haifi Tineke Baars, a cikin jirgin dakon yashi na mahaifinta, ana tsakiyar tafiya tsakanin Rotterdam da iyakar Jamus, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta taɓa yafe wa ruwa wannan ba. 'Ya'yan masu jiragen dako iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai waɗanda in suka kwana biyu a tudu sai kansu ya fara ciwo, akwai kuma waɗanda tun suna rarrafe idonsu na kan gidajen bakin kogi. Ƙanenta Teun yana cikin na farko. Ita kuwa tun tana da igiya a ƙugu, don kuwa haka ake ɗaure yara a saman jirgi kada su faɗa ruwa, take nuna gidajen mutane da yatsa tana tambayar uwarta me ya sa su ba sa tafiya.

Tana 'yar shekara shida aka kai ta makarantar kwana ta 'ya'yan masu jirgi. Kowace Juma'a sai a faɗa mata garin da gidansu ya kai, ta bi shi can. Wata Juma'a ta isa bakin gaɓar da aka ce, ta tarar da ruwa kawai. An samu kaya na gaggawa, jirgi ya tashi, saƙon da aka aika bai iske ta ba. Matar mai gadin mashigin jirage ce ta ba ta madara da burodi har aka zo aka ɗauke ta washegari. Ba abin da ya same ta, amma tun daga ranar tsoro ɗaya ya zauna mata a ciki: ta dawo ta tarar gida ba ya inda ta bar shi.

Mahaifinta, Gijs Baars, mutum ne da bai yarda da takarda ba. A wurinsu masu jirgi, ciniki hannu ne. A tafa, a riƙe, a kalli juna, shi ke nan an gama. In kuma za ka janye magana, to ka tafi da ƙafarka ka tsaya gaban mutum ka faɗa masa da bakinka. Mai aika takarda don ya fasa alkawari, a ganinsa, matsoraci ne, kuma ya sha faɗa wa 'ya'yansa haka a kan abinci har suka haddace. Tineke ta bar masa jirginsa tana 'yar shekara goma sha tara, amma wannan ɗabi'ar ta tafi da ita.

A Schiedam ta samu aiki, na ɗaga gada. Tana zaune a ɗan ɗakinta na gilashi, in jirgi ya taho ta tsayar da motoci da masu keke, ta ɗaga, ya wuce, ta sauke. Kusan shekara talatin tana kallon gidajen wasu suna wucewa ta ƙarƙashinta, ita kuma da yamma ta hau kekenta ta koma ɗakin haya a saman wani shagon kifi. Ta yi aure sau ɗaya, aka rabu ba tare da tashin hankali ba. Ba ta da ɗa, ba ta da kare. Abin da take da shi shi ne al'adar tsayawa gaban tagogin dillalan gidaje tana karanta farashi kamar mai karanta labarin mutuwa.

Da Gijs ya rasu, Teun ya riƙe jirgin ya biya ta rabonta. A lokacin ta haura hamsin. Ta haɗa rabon da abin da banki ya yarda ya ba ta, ta shiga neman gida, sai ta tarar da abin da kowa ya tarar. Neman gida a garuruwanmu ya zama wawaso. A buɗe ƙofa na minti goma sha biyar, mutum ashirin su shiga suna taka ƙafar juna, kowa ya fito ya rubuta tayinsa a ɓoye, wanda ya fi hauka shi ya ci. Gida bayan gida aka riƙa ƙwace mata. Daga ƙarshe wani dillali, yaro mai takalmi mai tsini da murmushin da ba ya gajiya, ya gaya mata gaskiyar kasuwa: ba a kuɗi kaɗai ake kayar da ita ba, sharuɗɗanta ne suka yi yawa. Masu sayarwa ba sa son mai cewa sai injiniya ya duba gini, ba sa son mai cewa sai banki ya tabbatar. Ta cire duka. Ai in ma wani abu ya taso, in ji shi, tana da kwana ukunta.

Kwana ukun gaskiya ne. Doka ta ba mai sayen gida wannan damar bayan an sa hannu a takardar ciniki: ya je ya sake tunani, in ya ga ba zai iya ba ya fasa, ba mai tambayarsa dalili, ba mai karɓar ko sisi a hannunsa. In suka wuce kuwa, mai fasawa zai biya ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na kuɗin gidan. Abin da yaron bai gaya mata ba shi ne kwana uku ba su isa a samu ko mai gyaran famfo ba a ƙasar nan, balle injiniya.

Gidan yana Layin Masu Igiya, tsakiyar jerin tsofaffin gidaje takwas masu bango ɗaya, bayansu wata 'yar magudanar ruwa. Tana taka falon ta ji wani abu da ba ta ji ba a duk gidajen da ta shiga. Ƙafafunta suka sake, kafaɗunta suka sauka. Ta tsaya tsakiyar ɗaki, hawaye na neman zubo mata, tana cewa a ranta nan ne. Ba ta tambayi kanta dalili ba. Wa ke tambayar dalili in ya ji ya iso gida?

Mai gidan wani tsoho ne, Arie Slob, tsohon ma'aikacin kamfanin gilashi. Matarsa tana gidan kula da tsofaffi tun da ƙwaƙwalwarta ta fara guduwa, shi kuma ana riƙe masa ɗaki kusa da nata, sai ya sayar da gida zai koma. Ya kawo wa Tineke gahawa a wani kofi mai zurfi, bai kai ko rabi ba, da biskit ɗaya, ya mayar da murfin gwangwanin. Ta yi dariya a ranta ta ce tsohon nan akwai maƙo. Da aka ce tayinta ne ya ci, ta je ta kama hannunsa ta riƙe yadda ubanta yake yi, ta kalle shi cikin ido. Ranar Litinin suka sa hannu. Talata, Laraba da Alhamis nata ne.

Talata ta tafi a murna. Ta kai kek ɗin tuffa wurin aiki, ta gaya wa mai shagon kifi ya fara neman wata 'yar haya, ta sayi labule da ba ta auna taga ba tukuna. Laraba jirgin Teun ya tsaya kusa, ya zo da abin awo don su auna ɗakuna. Tsoho Arie ya buɗe musu, ya ɗora gahawa, sai aka kira shi a waya daga wurin matarsa, ya fita bayan gida don ya ji da kyau.

Teun ya yi taku uku a falon ya tsaya. Ya koma baya ya sake takowa. Sai ya fashe da dariya.

"Yaya, wa ya loda wannan jirgin? Kayan duk a hagu suke."

Ta ce ya daina shirme, ya riƙe mata bakin abin awon. Bai daina ba. Ya ce shi da zai tashi da jirgi a haka, 'yan sandan ruwa za su tare shi kafin ya kai gadarta. Yana cikin tsokanar ya ɗauki butar gahawa ya zuba wa kansa, kuma Teun bai san rabin kofi ba, ya cika shi har baki. Gahawar ta tsaya a gefen da ke kallon titi saura kusan yatsa guda, ta ɗaya gefen kuma, wanda ke kallon magudanar ruwa, ta haura ta gangaro kan teburi.

Dariyar ta tsaya masa. Tineke ta kalli kofin. A take ta gane abin da ƙafafunta suka ji ranar farko. Daɓen karkatacce ne, irin na jirgi mai kaya. Abin da ta gudo wa tun tana yarinya shi ne ya yi mata maraba a bakin ƙofa, ita kuma ta ɗauka gida ne.

Da ido ya buɗe, sai ya ga komai. Ƙarƙashin ƙafafun teburi, ta gefe ɗaya, an cusa 'yan kwalayen nan da ake ɗora kofin giya a kansu, haka ƙarƙashin kabad, haka ƙarƙashin agogon tsaye. Ƙasan ƙofar kicin an fere shi a karkace. Takardar bangon falo sabuwa ce fil a gidan da komai nasa ya tsufa. A waje, ganyen da ya lulluɓe bangon baya, wanda ta yaba ranar farko, da Teun ya ɗaga shi sai ga tsaga tana hawa kamar matakala, ana iya sa yatsa a ciki.

Ba sai an yi mata bayani ba, duk ɗan ƙasar nan ya san labarin. Ƙasarmu taɓo ce, tsofaffin gidaje a kan turakun itace suke zaune, waɗanda aka kafa can ƙasa cikin ruwa. Muddin ruwa ya rufe su, za su kai jikan jikanka. In ruwan ƙasa ya ja baya kawunansu suka sha iska, sai su fara ruɓewa, gida ya fara zama a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Gyaran kuwa yakan kai kuɗin wani ƙaramin gida, kuma ba a yi wa gida ɗaya, sai dukan jerin sun yarda.

Arie ya dawo ya ga gahawa a teburi. Ya ɗauko tsumma ya goge, ya ɗauke kofin Teun ya rage shi a wurin wanke-wanke, ya mayar masa. Tineke ta buɗe baki za ta tambaye shi, sai ya fara ba su labarin cewa yau matarsa ta gane muryarsa a waya. Ta fasa tambayar.

Sauran ranar a waya ta ƙare. Duk masu duba gini da ta kira, mafi sauƙinsu ya ce sai bayan sati biyu, kuma ganin turaku sai an haƙa rami, ba aikin leƙe ba ne. Ta kira dillali, ya ce tsofaffin gidaje duk haka suke, shi ne ma kyansu. Sai ta shiga buga ƙofofin layin. A gida na farko aka ce mata su 'yan haya ne. A na biyu mutumin ya ce yana sauri. A na uku, wanda ke manne da nata, wata Corrie, mace mai gashin da ya sha gyara da fara'a kamar ta mai sayar da inshora, ta jawo ta ciki.

"Maƙwabciya! Shigo mana, ai tun jiya nake leƙenki. Tsaga? Wace tsaga? Shekara arba'in ina layin nan, ko ƙusa ba ta taɓa faɗo mini a ka ba. Ke dai kin yi sa'a, mutane kashe juna suke a kan gidajen nan."

Ta kawo gahawa. Kofi mai zurfi, bai kai rabi ba.

Tineke ta kalli rabin gahawar da ke cikin kofin. Yanzu tsoron ya zama biyu. Ba ginin kaɗai ba, mutanen ma. Layi guda, gida takwas, kowa ya sani, kowa ya koyi zuba gahawa yadda ba za ta tona asiri ba, domin ranar da aka faɗi abin da baki, ranar gidajensu suka tashi daga dukiya suka koma kaya. Ba miyagu ba ne. Ni na san irinsu, suna share ƙofar gida, suna kai wa marar lafiya miya. Amma duk abin da suka tara a duniya yana kan waɗancan turakun, kuma sun gwammace su yi shiru har wani ya zo ya karɓe su.

Safiyar Alhamis ta je aiki da idanu jajur. Sau biyu ta kusa ɗaga gada ba ta tsayar da masu keke ba. In ta fasa, ina za ta? Ta riga ta sallami ɗakin haya da bakinta, ta ci kek da abokan aiki, kuma wa ya san ko za ta sake cin wani tayin kafin ta tsufa. In ba ta fasa ba, duk abin da ubanta ya kwashi yashi shekara da shekaru ya tara ta binne shi a taɓo. Ga tsoho Arie da matarsa da ta gane muryarsa. Da tsakar rana ta yanke shawara, ta kira Teun ta ce za ta fasa.

Ya ce madalla, ta rubuta wa dillali saƙo yanzu-yanzu, layi biyu ya isa, ta ajiye shaida. Ta ce a'a.

"Hannunsa na kama, Teun. Ba da dillali na tafa ba. Zan je in faɗa masa da bakina."

"Yaya, Baba ya mutu, kuma shi bai taɓa shiga kotu ba. Rubuta mana. Ki rubuta, sannan ki je ki yi ta riƙe hannunsa har gobe."

Ta ce za ta rubuta in ta dawo. Har ranta ta yi niyya.

Da la'asar ta same shi shi kaɗai, yana naɗe farantan matarsa a tsofaffin jaridu. Ba ta zauna ba. Ta tsaya gabansa kamar yadda aka koya mata.

"Mista Slob, na zo in janye maganata. Ba zan iya sayen gidan nan ba. Na ga daɓen, na ga tsagar. Ka yi haƙuri."

Tsohon ya daɗe yana kallon farantin da ke hannunsa. Ta yi zaton zai yi faɗa ko ya yi kuka, ta shirya wa duka biyun. Sai kawai ya ajiye shi.

"Na gane, 'yar nan. Da ni ne ma haka zan yi. Je ki abinki, ba komai."

Ya miƙo hannu, ta kama. Har ya raka ta ƙofa, ya tsinko mata reshen wata fulawa ta matarsa ya ce ta dasa a tukunya. Ta hau keke tana kuka, rabi na tausayi, rabi na sauƙin da ta ji. Da ta isa gida ta tuna da saƙon, sai ta ga abin kunya ne: mutum ya yi maka irin wannan karamci, sannan ka bi shi da takarda kamar ba ka yarda da shi ba? Ta roƙi mai shagon kifi ya bar ta a ɗakinta, ya ce ya riga ya yi wa wani alkawari amma zai duba. Ta kwanta ta yi barcin da ba ta yi ba tun Talata.

Bayan kwanaki aka kira ta daga ofishin lauyan da ke rubuta cinikin gidaje, wata mata mai murya mai daɗi tana tambayar wace rana ta fi mata sauƙi ta zo karɓar makulli. Tineke ta ce ai an fasa. Aka ji matar tana danna na'ura, ta ce su ba su ga komai ba. Dillali ma ya ce bai ga komai ba, kuma wannan karon ba murmushi a muryarsa.

Ba ta san yadda ta isa Layin Masu Igiya ba. Wanda ya buɗe ƙofa ba Arie ba ne, ɗansa ne Ruud, ƙato mai rigar ofis, wanda ba ta taɓa gani ba. Tsohon yana zaune a kujera tsakanin akwatuna. Ta wuce ɗan ta durƙusa gabansa, ta tuna masa ranar Alhamis, da farantan, da fulawar.

"Baba, ta ce maka ta fasa?" in ji Ruud.

Arie bai ɗago ba. Daɓen yake kallo.

"Ta zo dai. Mun gaisa. Na ba ta fulawar uwarka. Sauran ban riƙe ba."

Har yau Tineke ba ta san ko mantawa ya yi ko tsoron ɗansa ya ji, ko kuwa ya tuna da ɗakin da ake riƙe masa ne kusa da matarsa. Wannan rashin sanin ya fi cin ta a kan in ta tabbata ƙarya ya yi. Lauyan da ta gani ya ce mata a doka maganar baki ta isa, amma wa ya ji? Ya kuma nuna mata wani sakin layi da ta sa hannu a ƙarƙashinsa, inda ta yarda cewa gidan tsoho ne kuma ta karɓe shi da tsufansa. Saura hanya biyu: ta biya ushiri ta fita ba gida ba rabon gado, ko ta karɓi makulli. Ta karɓi makulli. Teun bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba, kuma wannan ne alheri mafi girma da ya yi mata a rayuwa.

Ta dai kira masu haƙa daga baya, don ta san abin da take kwana a kai. Suka tona rami ta baya, ma'aikacin ya sa wuƙa a kan turken, ta shige kamar a burodi. Ya ce ba yau zai faɗi ba, ba gobe ba, watakila ma ba a zamaninta ba, amma tafiya yake yi. Ta kira taron layi a falonta. Mutum uku suka zo, suka sha gahawa, suka ce su 'yan fansho ne, banki ba zai dube su ba, kuma don Allah kada rahoton nan ya fita daga ɗakin nan. Corrie ta dafa mata kafaɗa a bakin ƙofa ta ce za ta saba.

Ta saba, kuma ba ta saba ba. Shekara shida ke nan. Duk bazara in Teun ya zo yakan fere mata ƙasan ƙofar kicin, ya ce ga shi dai ta samu jirginta a ƙarshe, sai dai ba ya zuwa ko'ina sai ƙasa. Takan yi dariya don kada ya ji kunya. Amma kullum in ta shawo kwanar layin a kan keke, sai gabanta ya faɗi kafin ta ɗaga ido, kamar 'yar makarantar nan a bakin gaɓa. In babbar mota ta wuce, takan ajiye cokali ta saurara. Fulawar Arie ta kama, tana kan taga, da kwali biyu a ƙarƙashin tukunyar. Ranar da ta fi tsorata kuwa ba ranar da sabuwar tsaga ta fito a ɗakin kwana ba ce. Ranar da wata abokiyar aiki ta kawo mata ziyara ce, ta ga hannunta da kansa ya tsaya da zuba gahawa a rabin kofi.

A kakar bana Corrie ta sa gidanta a kasuwa, za ta koma kusa da 'yarta. An yi sabon fenti, an sa sabuwar takardar bango, ganye ya rufe bayan gida. Kafin nan ta shigo wurin Tineke da kek, ta zauna, ta yi ta zagaye, sannan ta ce ai duk jirgi ɗaya suke ciki, in nata ya sayu da daraja, na Tineke ma wata rana zai sayu. Tineke ta gane. Gaskiya ce kuma. Hanya ɗaya ce ta rage mata ta fita daga gidan nan da wani abu a hannu, wato wata rana wani ya shigo ya ji ƙafafunsa sun sake, ita kuma ta ba shi rabin kofi.

Wata Laraba da yamma aka buga mata ƙofa. Wata matashiya ce da mijinta, Fenna da Joris, da keke mai kujerar yaro a baya. Sun sa hannu a gidan Corrie shekaranjiya, sun zo gaida maƙwabciyarsu ta gaba. Fuskokinsu na ƙyalli. Fenna ta ce sun sha kaye har sun gaji, sai da suka cire duk sharuɗɗa, amma tana shiga falon ta san nan ne. Ta bayan kafaɗarsu Tineke ta hango labulen Corrie ya ɗan ɗaga.

Ta ce su shigo. A kicin ta tsaya riƙe da buta. Ta san in ta yi abin da take shirin yi, ba mai sake gaishe ta a layin nan, kuma magana za ta fita, kuma gidan da take tsaye a ciki ba mai sake tayawa. A nan za ta tsufa tana saurare. Ta ɗauko kofuna uku, ba masu zurfin ba, na mahaifiyarta na cikin jirgi. Ta durƙusa ta zare kwalayen da ke ƙarƙashin ƙafafun teburi, ta ajiye su a sama inda za a gani. Sannan ta cika kofin Fenna har baki.

Gahawar ta haura ta gefen magudanar ruwa, ta bi teburin a hankali, ta fara ɗiga a ƙasa. Joris ya miƙe zai nemo tsumma, matarsa ta riƙe masa hannu. Tana kallon kofin, tana kallon kwalayen, jinin fuskarta na janyewa.

"Gobe ce ranarku ta ƙarshe, ko?" in ji Tineke. "To ku saurare ni. In za ku fasa, kada ku je da baki. Ku rubuta, yau, ku aika wa dillali da lauya da ita Corrie kanta, ku ajiye shaida. In kun gama, in kuna so, ku je ku riƙe hannunta."

Ba su sha gahawar ba. Ta raka su ƙofa, ta tsaya har suka shawo kwana. Da ta juyo, labulen Corrie ya sauka. Ta koma ciki ta goge teburin, ta ɗauki kwalayen za ta mayar, sai ta tsaya tana kallonsu. Ta buɗe kwandon shara ta zuba.